Kaluluwar Da Ba Ta Ciwo

Kowa ya san kaluluwa. In yaro ya yi tuntuɓe, yatsansa ya yi miki, bayan kwana biyu sai ya ce matsematsinsa na ciwo. Uwa ta taɓa, ta ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa. In mikin ya warke, ƙullin ya sace. Haka kuma in ƙuraje sun fito wa yaro a ka, ko haƙorinsa ya ruɓe, ko maƙogwaronsa na ciwo, kaluluwa ta kan fito a wuya. Wannan ba abin tsoro ba ne. Kusan kowane yaro ya taɓa yin irinta.

Amma akwai wata iri dabam. Ita ba miki ne ya kawo ta ba. Ba ta zafi, ba ta ciwo, ba ta kuwa sacewa. Mako ya wuce, wata ya wuce, tana nan, sai ma ƙara girma ta ke yi.

Mu dai mun saba auna cuta da kukan mai ita. In yaro na kuka, nan da nan a ke neman magani. In kuwa yana cin tuwonsa, yana wasa da 'yan'uwansa, sai a ce, "Bari mu gani." To, da wannan ne irin kaluluwar nan ta ke yaudarar iyaye. Wani lokaci ita ce alamar farko ta wata cuta da a ke kira cutar Hojkin. Cuta ce mai kisa in an bar ta. Amma tana cikin cututtukan da likitoci suka fi iya warkarwa in an kai yaro da wuri. Saboda haka ya kamata mu san alamunta, mu kuma san yadda likita ke auna nisan da ta yi a jiki.

Mece Ce Kaluluwa?

In mutum ya ɗan kurje fatarsa, wani lokaci ba jini ke fitowa ba, sai wani farin ruwa garai. Wannan ruwa yana ko'ina cikin jiki. Yana da hanyoyinsa 'yan sirara, dabam da hanyoyin jini. A kan hanyoyin nan akwai 'yan ƙulle-ƙulle ɗaruruwa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Sun taru ƙungiya ƙungiya: a wuya dama da hagu, a hammata, a matsematsi, a cikin ƙirji tsakanin huhu biyu, da can cikin ciki kusa da ƙashin baya. Su ne kaluluwa. Da su aka haife mu, sai dai ba mu jin su sai sun kumbura.

Aikinsu kamar aikin masu tsaron ƙofar gari ne. Duk ruwan da ya taso daga ƙafa sai ya bi ta matsematsi an tace shi. Na hannu ya bi ta hammata, na kai ya bi ta wuya. Cikin kowace kaluluwa akwai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. In cuta ta shigo ta miki, sai su taru su yi yawa, kaluluwa ta kumbura ta yi zafi. In yaƙi ya ƙare, su watse, ta koma yadda ta ke. Saifa ma 'yar'uwarsu ce, irin aikinsu ta ke yi, sai dai ita jini ta ke tacewa.

Cutar Hojkin

A cutar Hojkin, ɗaya daga cikin masu tsaron nan ne ke lalacewa. Ƙwaya guda ta ɓaci, ta yi ta haihuwar irinta ba tsayawa. Ta kuma yi ta kiran sauran ƙwayoyi masu lafiya su taru kewaye da ita, alhali ba wani abokin gaba da ya shigo. Sai kaluluwa ta yi ta girma. Watau wani irin ciwon daji ne, wanda waɗansu ke kira sankara, amma na kaluluwa.

Sunan wani likita ne na birnin Landan a Ingila aka sa mata. Shi ne ya fara ba da labarinta a shekarar 1832, bayan ya duba al'amarin mutum 7 da kaluluwarsu da saifarsu suka kumbura. A takardar asibiti za ku ga an rubuta sunan haka: Hodgkin. Amma Hojkin a ke faɗa.

Cutar ba ta da yawa. Cikin yara masu kaluluwa, kaɗan ne ƙwarai ke da ita. Da wuya a gan ta ga yaron da bai kai shekara 5 ba. Ta fi kama waɗanda suka fara tasawa, da samari da 'yammata. Cikin ƙananan yara kuwa ta fi kama maza. A ƙasashen da talauci ya yi yawa ta kan zo wa yara tun suna ƙanana, fiye da yadda ta ke yi a ƙasashe masu arziki.

Akwai wata ƙwayar cuta da masana suka gano a 1964, mai suna Epstein-Barr. Kusan kowa ya kan ɗauke ta tun yana yaro, ta zauna a jikinsa har tsufa ba ta yi masa kome ba. An sha samunta a cikin kaluluwar yara masu cutar Hojkin, musamman ƙanana. Wanda cuta mai karya garkuwar jiki ta raunana shi ma ya fi saurin kamuwa. Amma ita cutar Hojkin kanta ba a ɗaukarta daga wani. Yaro mai ita ya ci abinci ƙwarya ɗaya da 'yan'uwansa, ya kwana ɗaki ɗaya da su, ba kome. Ba maita ba ce, ba jifa ba ce, ba kuwa laifin uwa ko uba ba ne.

Alamar Farko

Cikin yara 10 masu cutar nan, wajen 8 a wuya a ke fara ganinta. Sauran a hammata, kaɗan a matsematsi. Ga yadda za mu bambanta ta da kaluluwar yau da kullum.

Kaluluwar miki tana da taushi, tana da zafi, yaro ya kan janye in an taɓa. Ta Hojkin tana da tauri irin na roba, kamar ka danna ƙwallon roba, yaro kuwa ba ya ko motsi.

Kaluluwar miki tana da dalili a kusa: gyambo, ko ƙurji, ko ciwon kunne, ko haƙori. Ta Hojkin ka duba ko'ina ba ka ga dalili ba.

Kaluluwar miki ta kan sace cikin mako biyu ko uku. Ta Hojkin tana girma sannu sannu, daga gyaɗa zuwa goro, daga goro zuwa ƙwan zabo. Sau da yawa waɗansu su kan fito kusa da ita, su haɗu curi guda. Wani lokaci ta kan ɗan ragu, iyaye su yi murna, sa'an nan ta dawo ta fi da.

Akwai wuri guda da za mu kula da shi ƙwarai. Ku sa yatsa a gindin wuyanku, bisa ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa zuwa ƙirji. Za ku ji ɗan rami. Kaluluwar da ta fito a wannan rami, kome ƙanƙantarta, ba a jira da ita. A nuna wa likita.

Alamu Uku Masu Nauyi

Waɗansu yara kumburin kaɗai gare su. Waɗansu kuwa, kamar ɗaya cikin uku ko huɗu, suna da wata alama tare da shi. Alamu uku ne likita zai tambaya, domin su ke nuna cutar ta yi ƙarfi.

Ta ɗaya, zazzaɓi wanda ba a san dalilinsa ba. In an auna da ma'aunin zafin jiki, ya wuce 38. An gwada jini ba a ga zazzaɓin sauro ba, ko an sha maganinsa bai bari ba. Wani lokaci ya kan yi kwanaki, ya tafi, ya sake dawowa, ya yi ta yin haka.

Ta biyu, gumin dare. Ba gumin bazara mu ke nufi ba, wanda kowa ke yi. Wannan ko da ɗari ne, kowa na neman bargo, sai yaro ya farka rigarsa sharkaf, shimfiɗa ta jiƙe, har sai an sake masa tufa.

Ta uku, rama. Ga yadda likita ke lissafinta: in yaro ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a wata 6, ba tare da wani dalili ba. Misali yaro mai kilo 30. Kashi ɗaya cikin goma na 30 shi ne 3. In ya koma kilo 26, ya rasa 4 ke nan, ya wuce iyaka. A gida ba mu da sikeli, amma muna da ido. Wandon da ya yi masa daidai da Sallah yanzu yana zamewa. Wannan ma shaida ce, a gaya wa likita.

Ban da ukun nan akwai waɗansu. Ƙaiƙayi a jiki duka, alhali ba ƙazuwa, ba ƙuraje. Gajiya da rashin son abinci. Tafin hannu da cikin ido su yi fari saboda ƙarancin jini. Ciki ya ɗan tasa in saifa ko hanta ta kumbura.

In Ta Shiga Ƙirji

Mun ce akwai kaluluwa a cikin ƙirji. Ita ba a ganinta, ba a taɓa ta. Amma cutar Hojkin tana son wurin ƙwarai, musamman ga yara manya. Cikin samari da 'yammata masu cutar, kusan biyu cikin uku suna da kumburi a can.

In kumburin ƙarami ne, yaro ba ya jin kome. In ya girma sai ya danne hanyar iska. Yaro ya kama busasshen tari wanda ba ya jin magani. Ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya. In abin ya yi tsanani, ba ya iya kwanciya rigingine, sai a zaune ya ke barci. Fuska da wuya su kan kumbura, jijiyoyin wuya su fito raɗa-raɗa. In an ga haka, ba a kwana. A tafi asibiti a ranar, a kuma bar yaro ya zauna a hanya, kada a tilasta masa kwanciya.

Masu Kama Da Ita

Kada wanda ya karanta wannan ya ga kumburi ya ce ya san cutar. Akwai masu kama da ita.

Babbar cikinsu ita ce tarin fuka. Ƙwayar tarin fuka ta kan shiga kaluluwar wuya, ta kawo kumburi mara ciwo, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Kun ga alamun iri ɗaya ne. A ƙasarmu kuwa tarin fuka ya fi cutar Hojkin yawa nesa ba kusa ba. Kaluluwar tarin fuka ta kan yi taushi daga baya, ta fashe, ta riƙa zubar da ruwa. Ta Hojkin ba ta cika fashewa ba. In an sa yaro a kan maganin tarin fuka, ya sha wata biyu ba fashi, kumburi bai ragu ba ko ya ƙaru, a koma a gaya wa likita, don ya sake bincike.

Akwai kuma wani ciwon daji na yara wanda wani likita mai suna Burkitt ya ba da labarinsa a Yuganda a 1958. Shi ya fi yawa a ƙasashe masu sauro irin tamu. Ya kan kumbura muƙamuƙi ko ciki, haƙora su yi girgiɗi. Shi gaggawa gare shi, cikin 'yan makonni ya ke girma. Cutar Hojkin kuwa watanni ta kan ɗauka.

Hangum ma yana kumbura gefen fuska, amma yana da zafi, yana bin yaran unguwa, ya kuma tafi cikin kwana goma.

Abin Da Likita Zai Yi

Hanya ɗaya ce tak ta tabbatar da cutar nan. Sai an ciro kaluluwa guda an duba ta da madubin likita mai ƙara girman abu. A kan sa wa yaro maganin da ba zai ji zafi ba, a yi 'yar tsaga, a ciro, a ɗinke. Likitoci sun fi son su ciro ta ɗungum, domin miyagun ƙwayoyin kaɗan ne a ciki, kamar ɗaya cikin ɗari. In allura kaɗai aka tsira, a kan iya kuskure su.

Ƙwayar da a ke nema ƙatuwa ce, tana da abu biyu a tsakiya kamar idanun mujiya. Likita biyu ne suka bayyana kamanninta: Carl Sternberg na ƙasar Ostiriya a 1898, da wata mace, Dorothy Reed ta Amurka, a 1902. Har yau da sunansu a ke kiranta.

Waɗansu iyaye su kan ƙi, su ce in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Wannan ciro kaluluwa ba ya baza cutar. Jinkiri shi ke ba ta damar bazuwa.

In an tabbatar, saura tambaya ta biyu: ina da ina ta kai? Likita zai lalube wuya da hammata da matsematsi da ciki. Za a auna jini. Za a ɗauki hoton ƙirji. Za a duba ciki da na'urar nan da a ke duba masu juna biyu. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke ɗaukar hoton jiki yanki yanki, da wata wadda ke sa duk inda cutar ta ke ya yi haske a hoto. Inda babu wannan, a kan ɗebi ɓargo kaɗan daga ƙashin ƙugu a duba. A da, har ciki a kan buɗe a cire saifa don a san nisan cutar. Yanzu hotuna sun ɗauke wa yara wannan wahala.

Matakai Huɗu

Cutar Hojkin tana da wata ɗabi'a. Ba ta cika yin tsalle ba. Tafiyar fatake ta ke yi, daga zango zuwa zango na kusa. Ta tashi daga wuya ta sauka ƙirji, daga ƙirji ta nufi saifa da kaluluwar ciki, sa'an nan daga ƙarshe ta shiga hanta ko ɓargo. Don haka ne a ke iya ƙirga zangon da ta ci. A shekarar 1971 likitoci suka taru a wani gari na Amurka mai suna Ann Arbor, suka shirya wannan ƙirga mataki huɗu. An yi mata 'yan gyare-gyare a 1989 da 2014, amma tushenta na nan.

Kafin mu faɗi matakan, sai mun san wata iyaka a cikin jiki. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga wani faffaɗan tantani mai nama a gefensa, wanda ya raba huhu da zuciya daga hanta da tumbi. Mutum ma yana da shi, a daidai ƙarshen haƙarƙari. Da shi mu ke jan numfashi. Mu ɗauke shi kamar kogin da ya raba ƙasa biyu. Wuya da hammata da ƙirji suna hayin sama. Saifa da kaluluwar ciki da matsematsi suna hayin ƙasa.

Mataki na 1: cutar tana ƙungiya ɗaya kaɗai. Misali, wuya ta hagu.

Mataki na 2: tana ƙungiya biyu ko fiye, amma duk a hayi ɗaya. Misali, wuya da cikin ƙirji. Ko wuya ta dama da wuya ta hagu, domin ƙungiya biyu a ke lissafa su.

Mataki na 3: ta ƙetare kogi, tana sama tana ƙasa. Misali, wuya da saifa, ko hammata da matsematsi.

Mataki na 4: ta bar hanyar kaluluwa ta watsu cikin waɗansu sassan jiki, kamar hanta, ko ɓargo, ko ƙashi, ko huhu.

A takardar asibiti ba da lambobin da muka saba a ke rubuta su ba. Da irin na fuskar tsohon agogo a ke rubutawa. I shi ne 1. II shi ne 2. III shi ne 3. IV shi ne 4.

Haruffan Da Ke Biye

Bayan lambar za ku ga harafi. A na nufin yaro ba shi da ko ɗaya daga alamu ukun nan masu nauyi. B na nufin yana da ɗaya ko fiye: zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama. Ƙaiƙayi, kome tsananinsa, ba ya sa a rubuta B.

Wani lokaci a kan ƙara E. Ma'anarsa cutar ta ɗan tsallaka daga kaluluwa zuwa naman da ke manne da ita, amma ba ta watsu ba. Likita kuma ya kan rubuta in kumburin ƙato ne. A ƙirji, ƙato shi ne wanda ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙirji a hoto.

Bari mu gwada. A ce ga yarinya mai shekara 13. Tana da kumburi a wuya, hoto ya nuna wani a ƙirji. Ciki lafiya. Ba zazzaɓi, ba gumi, ba rama. Ƙungiya biyu ke nan, hayi ɗaya, ba alama. Za a rubuta IIA.

A ce kuma ga yaro mai shekara 8. Kumburi a wuya, saifa ta kamu, kullum dare sai an sake masa riga. Sama da ƙasa ke nan, ga kuma alama. Za a rubuta IIIB.

Kun ga muhimmancin maganar iyaye. Lambar, na'ura ce ke ba da ita. Harafin kuwa, yawanci daga bakin uwa ya ke fitowa, domin ita ke sake rigar da dare. In ta manta, ko ta ji nauyin faɗa, sai a rubuta A a inda ya kamata a rubuta B, yaro ya sami maganin da bai ishe shi ba. In kuma an ƙara gishiri, ya sha wanda ya fi ƙarfin bukatarsa. A faɗi abin da aka gani daidai. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar da aka fara ganin kumburi, da ranakun zazzaɓi, ya tafi da takardar.

Amfanin Sanin Mataki

Mai tafiyar yini ɗaya da mai tafiyar wata ba guzurinsu ɗaya ba. Haka mataki ke gaya wa likita yawan maganin da zai bayar.

Maganin cutar nan magunguna ne masu ƙarfi, a haɗa huɗu ko fiye, waɗansu ta jijiya, waɗansu a haɗiya. Tun wajen 1964 aka fara haɗa su haka a Amurka, aka ga masu cutar da ta yi nisa suna warkewa. A kan ba da su zagaye zagaye, kowane zagaye mako uku ko huɗu. Yaro mai IA ko IIA, wanda kumburinsa ba ƙato ba ne, zagaye kaɗan ya kan ishe shi, kamar 2 zuwa 4. Mai IIIB ko IVB ya kan kai 5 ko 6, maganinsa kuma ya fi ƙarfi. Bayan zagaye biyu a kan sake hoto a ga ko cutar na gudu. In saura ya rage, a kan gasa wurin da wani haske na na'ura.

Maganin yana da wahala. Gashi ya kan zube, amma yana tsirowa. Yaro ya kan yi amai. Jiki ya kan yi rauni wajen yaƙi da cuta, saboda haka in ya yi zazzaɓi a tsakiyar magani, a mai da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

A ƙasashen da a ke kai yara da wuri, a kuma gama magani, fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, su girma, su yi aure. Har masu mataki na 4 ma yawancinsu suna warkewa. Kada uba ya ga IV a takarda ya ce an gama. A ƙasashe matalauta adadin bai kai haka ba, saboda zuwa a makare, da tsadar magani, da barinsa a tsakiya. Don haka a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar Hojkin cikin ciwon daji iri 6 na yara da ta ce a fara mai da hankali a kansu, domin ana iya warkar da su.

Amma mu lura. Wanda ya zo a mataki na 1 maganinsa kaɗan ne, kuɗinsa kaɗan, wahalarsa kaɗan. Wanda ya zo a mataki na 4 duk sun ninka. Bambancin yaran nan biyu sau da yawa watannin "bari mu gani" ne kawai. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Abin Da Ya Wajaba A Kanmu

In ana yi wa yaro wanka, a riƙa shafa wuyansa da hammatarsa.

A kai shi asibiti in kaluluwa ta yi mako 4 ba ta sace ba, ko tana ƙara girma, ko ta kai goro, ko tana ramin gindin wuya, ko tana tare da zazzaɓi, gumin dare, ko rama.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya, kada a yi ƙaho. Ba mugunya a ciki, sai dai a ƙara wa yaro miki.

Kada a sayi ƙwaya a kanti ba da izinin likita ba. Akwai wata ƙwaya ta maganin kumburi wadda ke sa kaluluwar nan ta sace na ɗan lokaci. Cutar tana nan ba ta mutu ba, amma ta ɓuya, likita ya duba ya kasa gane ta.

In ƙaramin asibiti ya ba da takarda zuwa babba, irin asibitocin koyarwa na Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a tafi, kada a ajiye ta sai bayan girbi. In guzuri ya gagara, a gaya wa dangi da mai unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In an fara magani a gama shi. Kumburi ya kan ɓace tun zagayen farko, amma saiwar na nan. Wanda ya yi noman farko ya ƙi yin maimai, ya san abin da ciyawa za ta yi wa gonarsa. Bayan an gama kuma a riƙa komawa ranar da likita ya sa, shekara da shekaru.

Yau in kun koma gida, ku karanta wa iyalinku wannan, musamman mata, domin su ke riƙe da yara.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da suka bambanta kaluluwar miki da ta cutar Hojkin.

2. Waɗanne alamu uku ne ke sa a rubuta B?

3. Yarinya tana da kilo 40. Kilo nawa za ta rasa a wata 6 kafin a ce ramarta ta wuce iyaka?

4. Yaro yana da kumburi a hammata ɗaya kaɗai, ba wata alama. Me za a rubuta a takardarsa?

5. Wani uba ya ga an rubuta IVA. Me ka ke gaya masa?

6. Maƙwabcinka ya ce kumburin ɗansa ba ya ciwo, zai jira sai kaka. Me za ka ce masa?